Sabuwar Shekara: Wane Ƙuduri Mahayan Ƙasar Gumel Suka Ɗauka?

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma duk wanda ya san samarinmu mahaya dawaki a ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san da yawa daga cikinmu ba ma tunawa da doki sai Salla ta ƙarato. Ran nan ne za a kwance shi daga turke, a ɗaura masa sirdi, a sa masa ƙaimi, a ce ya yi sukuwa kamar wanda ya shekara ana horar da shi. A Sallar da ta wuce na ga wani kili ya zame a kan kwalta, bakinsa yana zubar da jini saboda fizgar linzami, mahayinsa kuwa, saurayi sa'ana, ya karye a hannu. Jama'a suka ce tsautsayi ne. Ni kuwa na ce sakaci ne.

To, ga sabuwar shekara ta kama, lokacin da ɗalibi da ma'aikaci kan zauna su tsara abin da suke son cim ma. Me zai hana mai doki shi ma ya yi haka?

A Amurka akwai wani tsere da akan dasa gangunan ƙarfe uku a fili, mahayi ya kewaye su ɗaya bayan ɗaya da gudu, agogo yana ƙirga masa lokaci. Gwanaye sukan gama cikin abin da bai kai daƙiƙa 20 ba, wanda ya ture ganga kuwa a ƙara masa daƙiƙa 5. Mata ne suka fi yin wasan, har suka kafa ƙungiyarsu a Jihar Texas a 1948. Ba ina cewa mu kwaikwaye su ba ne. Abin lura shi ne, can agogo ke yanke hukunci, mu kuwa kirari da guɗa.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, a tanadi harawa da dusa da gero tun yanzu da hunturu, kafin bazara ta tsawwala musu kuɗi. Wanda ba zai iya ciyar da doki wata 12 ba, kada ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayo wa kansa alhaki. Na biyu, a yi kilisa sau uku a mako, a kan rairayi, ba a kan kwalta ba. Na uku, a auna fili, a duba agogo, a rubuta lokacin da doki ya yi a ƙarshen kowane wata, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Na huɗu, a kai shi wurin likitan dabbobi kafin damina, a duba kofatonsa da haƙoransa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, mu ne muka iya alƙalami. Idan mun je hutu gida, mu zauna da dattawan da suka san doki: su suna da sanin, mu muna da takarda. Hawan doki gadonmu ne, amma gado ba ya tsare kansa.

Allah Ya kai mu Sallar bana, doki da mahayi duka lafiya.