Auna Ɗan Baya a Ƙwallon Gora ta Kan Ƙanƙara: Fa'idodi da Illolin Alƙaluma

An daɗe ana sa-in-sa a birnin Edmonton na Kanada kan Kris Russell. Ɗan baya ne da ba ya shakkar zubewa gaban faifan roba mai tafe kamar harsashi, har a 2021 ya zarce kowa yawan tare bugu da jiki tun da gasar NHL ta fara ƙirga hakan. Masu horarwa da 'yan kallo da dama suka ce gwarzo ne. Masu lissafi suka ce a dakata tukuna: me ya sa kullum shi ke tarewa? Ai don in yana fili, faifan ya fi zama hannun abokan hamayya.

Nan alƙaluma suka yi rana. So hana ganin laifi, ƙiyayya kuma ba ta ganin alheri. Magoyin baya yakan riƙe kuskure guda da ya jawo ci, ya mance duk lokutan da ɗan wasan ya fitar da faifai daga gida salin-alin. Ma'aunin Corsi, mai ɗauke da sunan Jim Corsi, tsohon mai horar da masu tsaron ragar Buffalo, yana tara duk bugun da aka kai da wanda aka kawo yayin da mutum ke fili, har wanda ya bauɗe da wanda aka tare. Ya fi tsohon lissafin ci da rashi adalci, wanda kan ɗora wa ɗan baya laifin gola.

Sai dai mutum biyar ne ke zamiya tare, kuma lissafin nasu ne duka. Wanda koci ke turawa gaban gwanayen maharan abokan karawa dole alƙalumansa su yi muni. Ga shi mafi kyawun aikin ɗan baya ba ya barin sawu: ya toshe hanya, ba a ma gwada miƙa faifan ba, to me za a rubuta?

Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa kuwa shi ke jan hankali. A 2023 Erik Karlsson ya ɗauki kofin Norris na gwarzon 'yan baya da maki 101, alhali ƙungiyarsa ta San Jose tana can ƙasan tebur. Rod Langway ya ci kofin a 1983 da ƙwallo uku kacal a raga. A yau da wuya.

Illar da ta fi damuna ita ce son zuciya bai gushe ba, makami kawai ya samu. Da Montreal ta ba Nashville ɗan baya P.K. Subban ta karɓi takwaransa Shea Weber a 2016, kowane ɓangare ya tsinci lambobin da suka yi masa daɗi. Nashville ta kai zagayen ƙarshe na Kofin Stanley a 2017, Montreal ta kai a 2021, dukkansu suka sha kashi, kuma har yanzu kowa na cewa shi ne da gaskiya.