Ra'ayinmu: A San Lokacin Maigida, Amma A Rufa Masa Asiri

Duk wanda ya taɓa wuni a ofishin wani babban ɗan kasuwa a Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya san tambayar da aka fi yi: "Ina Alhaji?" Mota ta iso iyaka, mai cika takardun duwan yana jiran sa hannu, direba yana jiran kuɗin mai, akawu kuwa bai san ko maigida yana Illela ko ya wuce Sakkwato ba. Kafin a same shi a salula an tashi daga aiki, kaya sun kwana. Wanda ya ɗauko tumatir ya san abin da kwana guda yake jawowa.

Iyayenmu a ka suke riƙe da kalandarsu: Lahadi Illela, Laraba Ƙonni, Alhamis Maigatari, Litinin da Juma'a Maraɗi. Hakan ya wadatar a zamanin da fatauci na mutum ne da yaronsa. Yau gida ɗaya yana da wakili a Kano, wani a tashar jirgin ruwa ta Lome, ga masu tsaron shago, kowa yana bukatar sanin yaushe ɗan'uwansa yake da sarari.

Ma'aikatan ofisoshi sun daɗe da samun maganin wannan. Manhajoji irin su Outlook da Google Calendar, wadda ta fito a 2006, suna ba mutum damar rubuta ayyukansa na mako, abokan aikinsa su gani a kwamfutocin ofis da aka haɗa, ko a wayoyinsu. Mai son ganawa da mutum uku sai ya duba inda lokacinsu ya zo ɗaya, ya aika gayyata, ba sai ya ƙone kati ba. Manhajar ma tana gyara bambancin agogo da kanta, domin ƙarfe 10 a Maraɗi ƙarfe 9 ne a Lome.

Mun san abin da ƴan kasuwa za su ce, kuma suna da gaskiya: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wa zai rubuta cewa gobe zai ɗauki kuɗi ya bi hanyar Jibiya, a wannan zamani na ƴan fashi da masu garkuwa da mutane? Wa zai so abokin hamayya ya san dillalin da zai gani?

To, a nan ne muke jan hankali. Waɗannan manhajoji suna da matakan izini. Akwai wanda zai ga cewa daga ƙarfe 2 zuwa 4 maigida ba shi da sarari, iyakarsa ke nan. Ba zai ga wuri ko sunan kowa ba. Akwai wanda zai ga bayanin duka. Akwai kuma wanda aka yarje wa ya sauya abin da aka rubuta. Shawararmu ita ce a ba dukkan ma'aikata mataki na farko, a keɓe na biyu ga amintaccen akawu, na ukun kuwa kada ya wuce mutum ɗaya. Kada a rubuta adadin kuɗi ko hanyar da za a bi. Ranar da yaro ya bar aiki, a ranar za a cire sunansa.

Sai dai kalanda ba ta cika kanta. Idan Alhaji ya rubuta yana ofis alhali yana hanyar Damagaram, ya ɓatar da mutanensa fiye da da, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Minti biyar bayan sallar asuba sun isa a gyara ta.

Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa na garuruwan iyaka da su nemo matasanmu da suka iya kwamfuta su koya wa magidanta wannan tsari. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mana hanyoyi.