RA'AYINMU: A San Abin Da Ke Cikin Salula Kafin A Yi Sari

Duk wanda ya shiga layin masu waya a kasuwannin Illela, Birnin Konni, Jibiya, Maraɗi ko Maigatari, zai ji tambayoyin da ake yi kafin a ƙulla ciniki ba su wuce uku ba: kyamara nawa ce, batir yana jimawa, layi nawa take ɗauka. Da wuya a ji mai saye, ko shi kansa ɗan sari, ya tambayi wace babbar manhaja ce ke tafiyar da wayar. Mu kuwa a ganinmu wannan ita ce tambayar da ta fi shafar uwar kuɗin ɗan kasuwa.

Babbar manhaja ita ce tsarin da ke cikin na'ura wanda ke sarrafa komai: shi ke karɓar kira, ya kunna fuskar waya, ya raba wutar batir, ya kuma ba ƙananan manhajoji irin su WhatsApp wurin zama. Na'urar hannu ba ta da yalwar ƙwaƙwalwa da wuta kamar kwamfutar ofis, shi ya sa kamfanoni ke ƙera mata manhaja marar nauyi. Irinta ce ke cikin na'urar POS ta masu cirar kuɗi, da dikodar talabijin, da agogon hannu na zamani. Matsalar ita ce, kowace babbar manhaja tana da kamfanin da ke rainonta. Ranar da ya janye hannunsa, masu ƙananan manhajoji su ma sai su watse, a bar mutum da waya garau a ido amma ba ta yin aikin da aka saye ta dominsa.

Wannan ba hasashe ba ne, ya faru a gaban idonmu sau da yawa. A 1996 kamfanin Microsoft ya fito da Windows CE domin ƙananan na'urori, a shekarar ce kuma Palm Pilot ta shiga kasuwa da tata manhajar. A 1998 kamfanonin Psion da Nokia da Ericsson da Motorola suka haɗa hannu a kan Symbian, wadda ke cikin Nokia N70 da N95 da E71 da 'yan kasuwarmu suka ci riba da su. A 2007 fiye da rabin manyan wayoyin da aka sayar a duniya Symbian ce a cikinsu. Amma a watan Fabrairun 2011 Nokia ta sanar cewa ta koma Windows Phone, kuma Nokia 808 ta 2012 ita ce autar wayoyin Symbian. Ita Windows ɗin ta waya ba ta yi ƙarko ba: Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, bayan 'yan shekaru kuma ya yi watsi da harkar.

Masu mu'amala da waya sun ji abin a jikinsu ne ta hanyar WhatsApp. Ya bar wayoyin Symbian a tsakiyar 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen shekarar, ya bar Nokia S40 irin su Asha a ƙarshen 2018, ya bar Windows Phone a ƙarshen 2019. A ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin BlackBerry ya rufe hidimar da tsofaffin wayoyinsa suka dogara da ita. Ko KaiOS, wadda ta fito a 2017 domin wayoyi masu maɓalli masu shiga intanet, kuma MTN da Orange suka kawo ta Afirka a 2019 a farashi mai rahusa, WhatsApp ya fara janye jiki daga gare ta a 2024. Android ma ba ta tsira ba, domin a watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a duk wadda ba ta kai Android 5.0 ba.

Mai karatu zai ce mene ne ruwan ɗan kasuwar kan iyaka da rigimar kamfanonin Amurka da Finland? Ruwansa babba ne. Kayan da suka yi kwantai a manyan kasuwannin duniya ba a zubar da su, ana karya musu farashi ne a turo su inda ake ganin ba a yawan bincike. Ɗan sari ya ga kwali sabo, farashi ƙasa, ya canza sefa zuwa naira ko naira zuwa sefa, ya biya kuɗin mota da na kwastan, ya jera kaya a rumfa. Bayan kwana biyu mai saye ya dawo da fushi saboda manhajar banki ta ƙi sauka. Wanda ya sayar masa da kayan yana wata ƙasa, babu rasit, babu wanda za a kai ƙara. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Asarar ba ta tsaya ga masu sayar da waya ba. Mai hatsi da mai dabbobi da mai atamfa duk a waya suke tura hoton kaya, su ji farashin canji, su karɓi kuɗi. Wayar da kamfani ya daina aiko mata gyaran tsaro kamar shago ce da aka san makullinsa ya lalace, ɓarayin intanet sun san ƙofar, mai shago ne kawai bai sani ba.

Ba muna cewa kowa ya sayi waya mai tsada ba ne. Ƙaramar waya mai tocila, wadda aikinta kira da saƙo da danna lambobin tura kuɗi, ba ta dogara da kantin manhajoji ba, saboda haka takan yi shekaru tana aiki. A sayar da ita a matsayinta, babu laifi. Haka nan akwai Android Go da Google ya fito da ita a 2017 domin wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Laifin shi ne a sayar wa mutum abu da sunan wani abu, ko a yi cinikin biri a sama.

Don haka muna ba 'yan kasuwa shawara. Kafin a biya kuɗin sari, a buɗe waya ɗaya daga cikin kwalin, a shiga saiti, a duba bayanin waya, a ga lambar Android da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. A sani cewa HiOS ta Tecno da XOS ta Infinix ado ne da aka ɗora a kan Android, lambar Android ɗin da ke ƙasa ita ce abin dubawa. A danna *#06# a gwada lambar IMEI da wadda ke jikin kwali. Tun da jabun wayoyi kan nuna bayanan ƙarya, a sauke WhatsApp da manhajar banki a gwada su a gaban mai kaya. A kuma tuna cewa tun bayan takunkumin da Amurka ta sa wa Huawei a 2019, sababbin wayoyinsa ba sa zuwa da kantin manhajoji na Google. Wayoyi ne masu ƙarfi, amma haƙƙin mai saye ne a gaya masa.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da waya da su wajabta rubuta sunan babbar manhaja da lambarta a kan rasit, su kuma ware ranakun da mai saye zai iya dawo da kaya idan abin da aka rubuta ba shi ne a ciki ba. Matasa masu gyaran waya da ke bakin rumfuna sun san wannan aiki, a riƙa biyansu la'ada su duba kaya kafin a ɗora a mota. Hukumomin sadarwa kuwa, NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar, ya kamata su riƙa sanarwa da Hausa a gidajen rediyo duk lokacin da wani babban kamfani ya sa ranar yaye wata manhaja, domin akan bayyana irin waɗannan ranaku tun da wuri, sai dai da Turanci, a shafukan da ɗan kasuwar Dan Isa ko Kamba ba ya leƙawa.

Jarin ɗan kasuwar kan iyaka shi ne amana, domin abokin cinikinsa kan tsallako daga wata ƙasa ne saboda sunansa. Wanda ya sayar da waya yana sane cewa manhajarta ta mutu, ya ɓoye aibi, ha'inci ya yi, kuma riba ɗaya zai ci. Wanda ya faɗi gaskiya ko da ya rage farashi, shi za a dawo wa ranar kasuwa mai zuwa.