Mai Sayar Da Daddawa, Jemage Abokin Cinikinki Ne

Jama'a, idan aka ambaci jemage sai mu yamutsa fuska. Muna cewa shi ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi, ga ƙara ga ƙazanta. Yara su jefe shi da danƙo, manya su tura masa hayaƙi. Amma mu 'yan kasuwa da muka san lissafin uwar kuɗi da riba, ya kamata mu duba abin da wannan halitta take sa wa a cikin tiyarmu.

Furen kuka da magariba yake buɗewa, kafin rana ta yi zafi ya fara yaushi. Ɗorawa da rimi su ma cikin dare suke zubo ruwan zaƙinsu. Mai yawo a wannan lokaci yana shan zaƙin, yana kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan, shi ne jemage mai cin 'ya'yan itace. Idan babu wannan barbara, 'ya'ya sai su ragu. Ɗorawa ta rage 'ya'ya, kalwa ta yi tsada, daddawa ta bi ta. Kuka ta rage 'ya'ya, babu ƙananan da za su gaji tsofaffi, wata rana garin miyar ma sai an yi nisa kafin a samo shi. Ƙananan jemagu kuwa ƙwari suke ci, har da masu ɓarna a gona.

Babban jemagen nan mai ruwan tsaki-tsaki a wuya, wanda ke hauro wa ƙasashen Sahel da damina, manomi ne da ba ya neman lada. Binciken da aka yi a Ghana, aka buga a 2016, ya nuna yana iya kai irin itace nisan kilomita 75. Sai dai tun 2008 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari, saboda yawan farautarsa.

A wajenmu babbar barazanar ita ce gatari. Jemage yana buƙatar manyan itatuwa da zai kwana da waɗanda zai ci, irin na bakin gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tibirin Gobir. Duk babban itacen da aka kayar, gidansa ne aka rushe.

Masu lambu a Jiratawa suna da gaskiya idan suka ce yana yi musu ɓarnar mangwaro da gwaba. Haka kuma gaskiya ne jemagu na iya ɗauke da cuta. Maganin wannan sananne ne: a tsinke 'ya'yan itace da zarar sun ƙosa, kada a taɓa jemage da hannu, kada a ci namansa, kada a kawo kasuwa abin da ya gatsa ya yar. Kashe shi ba ya cikin maganin.

Jiharmu ta taɓa nuna wa duniya hanya. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka rungumi sassabin zamani, suna barin toho ya girma a gona, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wanda ya iya raya itace ba zai kasa barin mai yi masa barbara ba.

Don haka muna kira ga mata masu tuya da masu tuwon sayarwa su riƙa tambayar irin iccen da ake kawo musu, su ƙi na ɗorawa. Shugabannin kasuwa, masu unguwanni da ma'aikatan gandun daji su tsare manyan itatuwan da jemagu ke kwana. Iyaye kuma su tsawata wa 'yan danƙo. Allah ya sa mu gane, ya sa wa kasuwarmu albarka.