Darasin motsa jiki a lakwal: yara ne ba su so, ko mu ne ke hana su?

Malamai da yawa na kukan cewa ƴan lakwal ba su ɗaukar darasin motsa jiki, wanda ake kira EPS, da muhimmanci. Wasu su fake da ciwon kai, wasu su kawo takardar likita, ƴan mata kuwa su koma gindin dogon yaro har a tashi. Sai a ce yaran yanzu ragwaye ne.

Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba. Yaron da ya ƙi gudu a filin kwaleji, shi ne za ka gani da la'asar yana buga tamaula ba takalmi har magariba. Lokacin kokowar takobi kuwa, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ko wace unguwa sai ta zama fili, yara na kwaikwayon Issaka Issaka na Doso. Ke nan ba motsa jikin suke ƙi ba, yadda ake ba su shi ne.

A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce 40 a Tawa da Damagaram. Yaro ya fito gida bai karya ba, babu ruwa a filin, aji ya cika maƙil, ƙwallo guda. Me malami zai yi in ba ya sa su zagaya fili ba? Wa ke son zagaya fili cikin rana?

Amma mu ƴan kasuwa, namu laifin ya fi kusa. Mu ne ke cewa wannan awa wasa ce, a zo a tsare mana shago ko a kai abinci kasuwa. Mu ne ke ƙin sayen takalmin gudu, alhali kayan salla ba su gagare mu ba. Ga ɗiya mace abin ya fi tsanani: da ta fara girma sai uwa ta ce guje-guje ya ƙare, yawon talla ya ishe ta. Talla gajiya ce da ɗaukar kaya a ka, kuma ba ta ba da maki. EPS kuwa ana jarrabawarsa a BEPC da Bak, kuma wanda ya taɓa ganin ɗansa ya faɗi da ɗan maki kaɗan ya san zafin biyan kuɗin shekara guda sau biyu.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Binciken da hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na matasa masu shekaru 11 zuwa 17 ba su samun awa guda ta motsa jiki a rana. Ga ƴan mata kashi 85 ne. Hawan jini da ciwon suga da ke cinye jarin masu zaman rumfa daga safe har dare, da irin wannan zama suke samun gindi.

Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar azurfa a tekwando daga Rio a 2016, shekaru 44 bayan tagullar Issaka Dabore a dambe. Ba kowane yaro zai kai can ba, ba ma shi muke nema ba. Abin da kwamitin iyaye zai iya nema wurin shugaban makaranta bai fi ƙarfinmu ba: a maido darasin da sanyin safiya, a aje randar ruwa a bakin fili, a bar ƴan mata su sa dogon wando da riga mai yalwa, kuma inda akwai malama, ita ta riƙe su.