ZAGA DUNIYA: Amalfi, Garin Fataken Teku

A wannan wata za mu ƙetare Bahar Rum ne, mu sauka a wani ɗan gari da ke kudancin Italiya mai suna Amalfi. Na san wani zai ce, to ina ruwanmu da garin Turawa wanda ko sunansa ba mu taɓa ji ba? Ku dai biyo ni, domin labarin garin nan labarin fatake ne, mu kuwa fatauci ne ya kawo kakanninmu inda muke zaune yau.

Amalfi yana bakin teku ne a lardin Salerno, kudu maso gabas da babban birnin nan Napoli. An gina shi a bakin wani kwari mai zurfi, duwatsu sun tokare shi ta baya, dutsen Cerreto kaɗai ya haura mita 1,300, ruwa kuma ya tare shi ta gaba. Gidajen a kan juna suke, hanyoyin cikin gari yawancinsu matakala ne. Babu filin noma na a zo a gani, sai 'yan gonaki da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse, inda ake shuka lemon tsami. Titin mota da ya haɗa garin da maƙwabtansa ma sai a ƙarni na 19 aka fasa dutse aka yi shi. To wanda ƙasa ta hana shi abinci, ai sai ya fuskanci ruwa, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

A shekarar 839 mutanen Amalfi suka ƙwaci kansu, suka shiga naɗa nasu shugabanni. Daga nan suka duƙufa ga sassaƙa jiragen ruwa. Dabarar cinikinsu kuwa ita ce, su ɗebi katako da sauran kayan ƙasarsu su kai wa Musulmin Arewacin Afirka da Masar, a biya su da zinariya. Su ɗauki zinariyar su nufi Ƙustantiniyya, wato Santambul ta yau, su sayo alharini da kayan ƙawa, su dawo su sayar wa sarakuna da manyan limaman coci a Italiya. Riba uku a tafiya ɗaya ke nan. Zinariyar nan kuwa mai yawa daga cikinta daga nan Afirka ta Yamma ta fito, ayarin raƙuma ne ke ƙetare Sahara da ita tun zamanin tsohuwar daular Gana.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne kuɗinsu. Sun riƙa buga wani ɗan tsabar zinariya da ake kira tari, wanda suka kwaikwayo daga rubu'in dinarin Fatimiyawa, har da zanen rubutun Larabci a jikinsa, alhali su Kirista ne. Dalili kuwa, shi ne kuɗin da kasuwa ta yarda da shi. Matafiyin nan Balarabe, Ibn Hauƙal, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 10, ya yaba arzikin garin, har ya fifita shi a kan Napoli.

Kamar yadda Bahaushe ke kafa zango duk inda ya sauka, haka su ma suka kafa unguwanninsu a Ƙustantiniyya da Alƙahira da sauran tashoshi. A birnin Ƙudus ma, a ƙarni na 11, sun gina gidan jinya domin masu ziyara, da izinin mahukuntan Musulmi na Masar. Amma zaman baƙunta yana da nasa ɗaci. A shekarar 996 gobara ta cinye jiragen yaƙin Halifa al-Aziz a Alƙahira, sai jita-jita ta bazu cewa baƙin nan ne suka cinna wutar. Kafin a ce kwabo, jama'ar gari sun auka musu, aka kashe fatake fiye da ɗari, aka wawashe dukiyarsu. Daga baya hukuma ta hukunta waɗanda aka kama, ta sa aka mayar da abin da aka samu na kayan. Duk wanda ya girma a zango ba sai an yi masa fassarar wannan ba, in abu ya ɓaci a gari, baƙo ake fara dubawa.

To amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1073 Normandawa suka karɓe ikon garin. A 1135 da kuma 1137 mayaƙan Pisa, abokan gogayyarsu a ciniki, suka shigo suka yi masa kaca-kaca. Kasuwa ta koma hannun Pisa da Genoa da Venis. Sannan a ranar 25 ga Nuwamba 1343 teku ta yi wani mummunan tashi, ta rushe tashar jiragen da gidajen bakin ruwa. Tun daga nan Amalfi bai sake komawa yadda yake ba. Yau mazaunansa kimanin 5,000 ne kacal, kuma akasarinsu da masu yawon buɗe ido suke cin abinci.

Me ya rage? Da farko akwai babban cocin garin, wanda sai ka hau matakala 62 kafin ka kai ƙofarsa. Ƙofar ta tagulla ce, a Ƙustantiniyya aka ƙero ta wajen shekarun 1060, wani attajirin garin mai suna Pantaleone ne ya biya. A gefensa akwai wani tsakar gida da aka gina daga 1266 zuwa 1268, wanda in ka dubi bakan gizonsa sai ka ɗauka a ƙasar Larabawa kake. Akwai kuma ragowar rumfunan da ake sassaƙa jiragen, an mai da su gidan tarihi. A dandalin bakin teku an kafa mutum-mutumin wani Flavio Gioia, wai shi ya ƙago allurar nan mai nuna arewa, amma masana tarihi sun ce tatsuniya ce, mutanen Sin sun daɗe da saninta.

Sai kuma takarda. Daga Larabawa suka koyi yin ta da tsummoki, suna amfani da ƙarfin rafin da ke gangarowa ta kwarin. Ambaliyar 1954 ta lalata yawancin masana'antun, amma har yau ana yin ta da hannu, kuma akwai gidan tarihinta. Sannan ga dokokinsu na teku, wato Tabula, sashe 66, waɗanda suka fayyace rabon riba tsakanin mai jirgi da mai kaya da ma'aikata, da wanda zai ɗauki asara in kaya sun nutse. An ci gaba da aiki da su ɗaruruwan shekaru bayan ƙarfin garin ya tafi. A 1997 hukumar UNESCO ta sanya wannan gaɓa cikin kayan tarihin duniya. Kuma tun 1956 ake tseren kwale-kwale tsakanin Amalfi da Genoa da Pisa da Venis, abokan gaban jiya sun koma abokan wasa.

Abin lura a nan, jama'a, dukiyar Amalfi ta tafi, jiragen sun ruɓe, abin da aka rubuta da abin da aka gina su ne suka tsaya, su ne kuma ke ciyar da jikoki yau. Mu fa? Zangunanmu nawa ne aka rubuta tarihin kafa su? Wa ya san sunan madugun da ya fara sauke kaya a unguwarsu, ko hanyar da goro ya riƙa bi? Dattawan da suka sani suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, takardun ajami kuma gara na ci a cikin adaka. Ina roƙon samarinmu 'yan makaranta, kowa ya sami tsoho guda a unguwarsu, ya zauna da shi da alƙalami da takarda kafin watan gobe. Wanda ya rubuto mana, za mu ba shi wuri a wannan fili.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.