Gani Ya Kori Ji: Wajabcin Bayyana Alƙaluman Bincike

A shekarar 2010, masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wata maƙala da ta yi tasiri ƙwarai a kan manufofin gwamnatoci. Sun nazarci alƙaluman ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009, suka nuna cewa idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, tattalin arzikinta kan ja baya da kashi 0.1 a matsakaici. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da wannan sakamako wajen tsuke bakin aljihun gwamnati.

A 2013, Thomas Herndon, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin, abin ya faskara. Da marubutan suka ba shi jadawalinsu na Excel, sai shi da malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, suka gano an tsallake ƙasashe biyar wajen lissafi. Haka kuma, an ba shekara ɗaya ta Niyuzilan nauyi daidai da shekara 19 ta Birtaniya. Bayan sun sake lissafin, sai bunƙasar kashi 2.2 ta bayyana. Marubutan sun amsa kuskuren jadawalin, amma sun tsaya a kan cewa yawan bashi yana tafiya tare da raunin bunƙasa. To, ko da hakan ya tabbata, haɗuwar abubuwa biyu ba ta nuna wanne ne ya haifi wani. Mai yiwuwa raunin tattalin arzikin ne ke jawo cin bashi.

Shekara uku wannan sakamako ya yi yana yawo, kuma bai warware ba sai da aka buɗe jadawalin. Saboda haka, ya wajaba mujallun jami'o'i su shardanta wa kowane manazarci miƙa ɗanyun alƙalumansa da matakan lissafinsa kafin a buga aikinsa. Masu fargabar a sace musu wahala suna da uzuri, sai dai ana iya kare haƙƙinsu ta hanyar tilasta ambaton mai asalin aiki. Ya kuma dace sassan nazarin tattalin arziki su sanya maimaita binciken magabata cikin darussan manyan ɗalibai, domin kasafin kuɗin da ake ginawa a kan irin waɗannan alƙaluma, talaka ne ke ɗaukar nauyinsa.